Rajistar ƙyanƙyasar tarwada: bin sawun umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙwai

4 ga Afrilu

Yau na ware iyayen kifin da zan yi aiki da su: tarwada mata 6 a tanki ɗaya, maza 5 a wani. Duk sun haura shekara, nauyinsu tsakanin kilo 1 zuwa kilo 1 da rabi. Matan cikinsu a tumbatse yake da ƙwai tun tuni, amma ko za su shekara a tankin nan babu wadda za ta zuba ƙwaya ɗaya da kanta. Dalilin buɗe rajistar nan ke nan. Na gaji da allurar makanta, wadda za a ce maka zuba rabin mil a kowane kilo ka jira gari ya waye. Ina so in san abin da allurar ke taɓawa a jikin kifin, a wane mataki, da dalilin da ya sa wata rana take ci wata rana ta ƙi.

Hanya biyu zan gwada. Ta farko tsohuwar hanya ce, a cire fituwitarin wani kifi, wato ɗan ƙullin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, a niƙa a yi wa mace allurarsa. Ta biyu ita ce Ovaprim, maganin da ke sa fituwitarin macen kanta ya yi aikin. Kayan da na tanada: hita ɗaya ta ɗumama ruwa, ma'aunin zafi, sikeli, sirinji masu mil 2, ɗan turmin tangaran, ragar shimfiɗa ƙwai, da madubin ƙara girma da na aro.

7 ga Afrilu

Na raba tankin mata gida-gida da raga, kowace da lambarta da nauyinta. Zafin ruwa digiri 26 da safe, 27 da yamma. Suna cin abinci sosai.

10 ga Afrilu

Kwanakin nan karatu ya fi aiki yawa, kuma sai yanzu na fara kama bakin zaren.

Umarnin haihuwa daga ƙwaƙwalwa yake tasowa. Akwai ƙwayoyin jijiya a gaban ƙwaƙwalwa da yankin haifotalamas masu ƙera wani ɗan ƙaramin sinadari, GnRH, mai amino asid 10 kacal, wato tubalan da ake gina furotin da su. A 1971 aka fara gano tsarinsa daga ƙwaƙwalwar alade da ta tumaki, aikin da ya jawo wa Andrew Schally da Roger Guillemin kyautar Nobel a 1977. Na kifin salmon kuwa sai a 1983 Nancy Sherwood da abokan aikinta suka tantance shi. GnRH ne ke taɓa fituwitari, ɗan ƙullin da ke rataye a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi kuma ya saki homon biyu cikin jini, wato sinadaran da ke kai saƙo ga sassan jiki: FSH da LH.

Akwai inda kifi ya bambanta da mu. A jikin mutum da sauran dabbobi masu shayarwa, GnRH ta wasu ƙananan hanyoyin jini na musamman yake bi ya isa fituwitari. A kifaye masu ƙashi irin su tarwada, jijiyoyin ne da kansu ke miƙa rassa su kutsa cikin fituwitarin, su zuba saƙon a gefen ƙwayoyin da ke ƙera LH. Ƙwaƙwalwa na riƙe da fituwitari hannu da hannu, babu ɗan aike a tsakani.

Girman ƙwai mataki biyu ne, kuma rarrabe su shi ne ya warware mini damuwar tankina. A mataki na farko, wanda a kifin salmon FSH ke jan ragamarsa, ƙwayoyin da ke zagaye da kowane ƙwai suna ƙera homon ɗin estiradiyol. Shi ne ke bin jini ya je hanta, hanta ta ƙera furotin mai suna bitelojenin, jini ya sake ɗauko shi ya kawo wa ƙwai ya zama gwaiduwa. Wato gwaiduwar da ɗan kifi zai rayu da ita a kwanakinsa na farko, a hantar uwarsa aka haɗa ta, daga abincin da aka ba ta watanni kafin allura. Wanda ya yi wa iyayen kifi rowar abinci, babu sirinjin da zai rama masa.

Idan ƙwai ya cika da gwaiduwa sai ya tsaya cak yana jira. Mataki na biyu ba ya farawa sai fituwitari ya saki LH mai yawa a lokaci guda. Wannan tunkuɗowar ce ke sa ƙwayoyin gefen ƙwai su daina ƙera estiradiyol su koma ƙera wani sinadarin, DHP, wanda Yoshitaka Nagahama da abokin aikinsa suka tantance a jikin wani salmon na Japan a 1985. DHP ke sa cibiyar ƙwan ta taso daga tsakiya ta nufi gefe ta narke, ƙwan ya nuna. Daga nan sinadaran furostagilandin su taimaka wajen fasa kwanson da ke riƙe da shi, ya faɗo cikin jakar ƙwai a shirye.

A daji, tarwada tana samun wannan tunkuɗowar ne idan ruwan sama ya sauka, kogi ya cika ya malala cikin ciyayi. Da dare take shiga wurin ta zuba. A tanki babu ambaliya, babu ciyawa, ruwan yau irin na jiya ne. Matakin farko yana kammala lafiya lau, na biyu ne ba ya zuwa. Matana 6 ba marasa lafiya ba ne, ƙwaƙwalwarsu ce ba ta ga dalilin ba da umarni ba.

13 ga Afrilu

Canjin ruwa. Babu wani sabon abu.

15 ga Afrilu

Wani dattijo da ya tsufa a sana'ar ya zo ya duba mini matan. Ya kama ta 3, ya lulluɓe mata kai da jiƙaƙƙen tawul, ya kifar da ita a kan cinyarsa, ya shafa cikin da babban yatsa daga ƙirji zuwa ƙasa. 'Yan ƙwayaye kore-kore suka leƙo. Ya ce wannan ta yi. Da ya zo kan ta 5, wadda ta fi kowace girman ciki, sai ya mayar da ita ruwa bai ko matsa ba.

Na ce, "Baba, ai ita ce ta fi cika."

Ya ce, "Ɗana, taɓa ka ji. Cikin nan tauri gare shi. Kitse ne da abinci. Mai ƙwai laushi take yi, ka ji abin yana gudu ƙarƙashin yatsa."

Bayan tafiyarsa na bi da nawa gwajin. Na zura siririn bututun roba ta mafitar ƙwai na zuƙo kaɗan daga kowace. Na jera su a kan rula: na 1, 2, 3, 4 faɗinsu ya haura milimita 1, kuma kusan girmansu ɗaya. Na 5 da 6 a cakuɗe suke, manya da ƙanana, da yawa ba su kai milimita ba. Sannan na ɗiga musu ruwan Serra, wanda ake haɗawa da alkohol kashi 6, fomalin kashi 3, asid ɗin asetik kashi 1. Cikin 'yan mintuna gwaiduwar ta washe, cibiyar kowane ƙwai ta bayyana a madubi, ɗan ɗigo mai haske. A na mace ta 3 cibiyar tana tsakiya ko ta ɗan gota kaɗan. Ga shi a fili: ƙwai cikakke da ke jiran LH.

Yatsan dattijon da madubina abu ɗaya suka faɗa. Ta 5 da ta 6 na cire su daga lissafi. Har yanzu suna matakin tara gwaiduwa, kuma LH ba ya nunar da ƙwan da bai gama cika ba, komai yawan da aka dura.

19 ga Afrilu

Zagaye na farko, da ɗanyen fituwitari. Mace ta 3, kilo 1.2. Ƙa'idar ita ce kifin da za a cire wa ya kai nauyin wadda za a yi wa, don haka na zaɓi namiji mai kilo 1.3. An hana macen abinci tun jiya.

Na kashe namijin da sauri, na yanke kan, na cire muƙamuƙin ƙasa, na kifa kan ganɗa na kallon sama. Na wanke jinin. Da ƙaramar filaya na ɓanɓare ƙashin ganɗar a hankali daga baya zuwa gaba. Ƙashin kan tarwada ƙarfi gare shi, sai an yi haƙuri, in aka yi gaggawa filayar za ta dagargaza abin da ake nema. Da ƙashin ya ɗago sai ga ƙasan ƙwaƙwalwa, a jikinsa kuma wani ɗan dunƙule fari mai ratsin ja, bai wuce milimita 2 ba. Na ɗauke shi da hantsaki, na sa a turmin, na niƙa da mil 2 na ruwan gishiri, wato giram 9 na gishiri a lita ɗaya ta ruwa. Na bar dusar ta kwanta, na zuƙi ruwan sama. Marainan namijin na cire su, na goge, na sa a busasshen kwano mai murfi a firji, ba a ɓangaren ƙanƙara ba.

Ƙarfe 10 na dare na yi allurar, a tsokar baya ƙasa da fiffike, allurar a karkace tana kallon wutsiya. Na murza wurin da yatsa don kada ruwan ya dawo. Na sa ta ita kaɗai a baho mai murfi da nauyi a kai, don bayan allura tsalle suke yi. Ruwa digiri 27.

Wannan dabara ta kusa shekara ɗari. A 1930 Bernardo Houssay a Ajantina ya nuna cewa fituwitarin wani kifi na sa wani ɗan ƙaramin kifi mai haihuwar 'ya'ya a raye ya haihu kafin lokacinsa. Bayan 'yan shekaru Rodolpho von Ihering a Birazil ya mayar da ita hanyar kiwo. A Indiya kuwa Hiralal Chaudhuri da K. H. Alikunhi sun yi nasarar sa wani nau'in kifi da ake kira kaf zuba ƙwai da ita a ranar 10 ga Yuli 1957, kuma har yanzu ƙasar na bikin ranar masu kiwon kifi a wannan rana. Abin da nake yi a daren nan shi ne abin da suka yi: aron LH daga kan wani kifi, a tsallake ƙwaƙwalwa da fituwitarin macen gaba ɗaya, a tafi kai tsaye ga ƙwai.

20 ga Afrilu

Jadawalin da masu ƙyanƙyasa ke bi ya ce a digiri 25 jiran kamar awa 11 ne, a 27 kamar awa 9, a 30 kamar awa 7. Ƙarfe 7 saura na ɗaga murfin na ga 'yan ƙwayaye a ƙasan bahon. Na goge jikinta tas, don ɗigon ruwa ɗaya a kwanon tatsa yana iya tayar da ƙwan kafin maniyyi ya iso. Yatsa na taɓa cikin, ƙwan ya kwararo da kansa, kore mai duhu-duhu, yana ƙyalli, kowane da ɗan jan tabo a gefe guda. Da na ga alamar jini na tsaya. Giram 170 a sikeli. Tun da giram ɗaya na ɗauke da ƙwai wajen 600 zuwa 700, ya haura dubu 100.

Na tsattsaga gefen marainan da almakashi, na matse farin ruwan a kan ƙwan, na juya da gashin tsuntsu. Sai na zuba ruwa mai tsabta kaɗan. Maniyyin kifin ruwan daɗi a kwance yake cikin jiki da cikin ruwan gishiri, ruwa ne ke tayar da shi, kuma ƙarfin iyonsa bai kai minti ɗaya ba. Na ci gaba da juyawa na minti ɗaya, na yi maza na baza a kan raga layi ɗaya kafin ƙwan ya fara danƙo.

21 ga Afrilu

Sun fara ƙyanƙyashewa bayan kamar awa 23. Mafi yawa sun fita, suna faɗowa ta ramukan raga zuwa ƙasa. Fararen da suka mutu sun maƙale a ragar, na ɗauke ta da su. Alhamdu lillahi.

24 ga Afrilu

Gwaiduwar cikinsu ta ƙare, sun fara yawon neman abinci. Na fara ba su atemiya, wasu ƙananan halittun ruwa da ake ciyar da jariran kifi da su. Uwar tana ci, wurin allurar bai kumbura ba.

28 ga Afrilu

Kafin in taɓa kwalbar Ovaprim na tsaya in gane abin da ke cikinta. Kowane mil ɗaya na ɗauke da maikurogiram 20 na GnRH ɗin salmon da aka yi wa gyara, da miligiram 10 na domferidon. Na farkon na gane dalilinsa: GnRH na asali sinadaran jiki na farfasa shi cikin 'yan mintuna, sai aka canza amino asid na 6 da ƙarshen sarƙar don ya daɗe a jini. Amma domferidon maganin tashin zuciya ne da ake ba mutane. Me ya kawo shi jikin kifi?

Amsar na cikin aikin Richard Peter na Jami'ar Alberta a Kanada, wanda ya daɗe yana nazarin kifin zinare. Shi da ɗalibansa sun gano cewa ƙwaƙwalwa ba umarnin "saki" kaɗai take aika wa fituwitari ba. Akwai wasu jijiyoyin da ke zuba wani sinadari mai suna dofamin a kan ƙwayoyin da ke ƙera LH, su hana su amsa kiran GnRH. Kamar direba ne da ya taka totur alhali ɗaya ƙafar na kan birki: GnRH kaɗai a irin waɗannan kifaye sai ƙara, motar ba ta motsi. Domferidon yana toshe mazaunin dofamin, nau'in D2, ya ɗage ƙafar. Kuma ko da yake ba ya ratsa shingen da ke kare ƙwaƙwalwa sosai, fituwitari a wajen shingen yake, don haka maganin na isa inda ake bukatarsa.

A shekarun 1980 Peter ya haɗa kai da Lin Haoren na Jami'ar Zhongshan a Guangzhou, suka gwada haɗin a kan kifayen kaf na Sin, aka sa wa hanyar suna Linpe, daga Lin da farkon Peter. Ƙarfin dofamin ba ɗaya yake a duk kifaye ba. A dangin kaf da tarwada yana da ƙarfi, a wasu kifayen teku kuwa rauni gare shi, GnRH kaɗai ya wadatar.

A ganina wannan hanya ta fi ta farko tsari, don awon ta tabbatacce ne kuma ba ta shigar da baƙon furotin jikin mace. Amma tana da sharaɗi: dole fituwitarin macen ya kasance da ajiyar LH da zai saki.

2 ga Mayu

Mace ta 1 da ta 2, kilo 1.4 da 1.0. Rabin mil a kowane kilo, wato mil 0.7 da 0.5. Maganin kauri gare shi, sai a hankali yake shiga sirinji. Allura ƙarfe 9 na dare, ruwa digiri 27.

3 ga Mayu

Ranar ta zo da asara.

Da asuba na tsoma hannu a baho na ji sanyi. Ma'auni ya nuna digiri 22. Hitar ta mutu cikin dare, fitilarta na ci amma ba ta ɗumama komai, kuma daren ya yi sanyi. Babu hanyar sanin ƙarfe nawa ta tsaya. Duk lissafin awannin da na yi ya rushe, don saurin kowane mataki, daga sakin LH zuwa ƙera DHP zuwa narkewar cibiya, zafin ruwa ne ke yanke shi. Kifi ba shi da zafin jiki na kansa. A digiri 22 jiran kan haura awa 15.

Ƙarfe 8 na duba ta 1. Cikin ya ƙara laushi amma ƙwan bai saki ba, sai da matsi 'yan kaɗan suka fito a dunƙule, manne da juna, da zaren jini. Na mayar da ita. Na zuƙi kaɗan na sa a ruwan Serra: cibiyar ta bar tsakiya ta kai gefe, amma ba ta narke ba. Wato maganin ya ci, LH ya fito, aikin na kan hanya, sanyi ne ya ja masa ƙafa. Ba don madubin ba da na ɗauka allurar ce ta ƙi, in ƙara wata a kai.

Na samo wata hitar wajen ƙarfe 10, zafin ya fara hawa a hankali. Daga nan matsalar ta zama ta zaɓi tsakanin abu biyu marasa daɗi. In na riƙa kama su kowane rabin awa ina dubawa, wahalar kamu na tayar da kotizol, homon ɗin damuwa, a jininsu, ga kuma rauni a ciki. In na bar su, ban san lokacin da za su saki ba, tun da ruwan ya yi sanyi ya kuma koma ɗumi. Na zaɓi duba awa-awa.

Ta 2 ta saki wajen ƙarfe 1 na rana, na tatse ta, ƙwan da ɗan dama-dama. Ta 1 kuwa a dubawar ƙarfe 1 ba ta shirya ba. Namijin da na buɗe don ta 2 marainansa sirara ne, ruwan tsararo, sai da na kashe wani, aikin ya cinye lokaci. Kafin in dawo kanta ƙarfe 4 ta wuce. Ƙasan bahon ya rufe da ƙwan da ta zubar, ragowar da na tatsa ya fito ruwa-ruwa, da fari-fari a ciki tun kafin a haɗa da maniyyi. Ƙwai da zarar ya faɗo daga kwansonsa ya rabu da jinin da ke ciyar da shi, daga nan lalacewa yake yi awa bayan awa.

5 ga Mayu

Na ta 1 kusan duk ya yi fari. Funfuna ta kama matattun ta bazu zuwa masu rai da ke kusa, ruwan ya fara wari, na zubar da tiren gaba ɗaya na wanke da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Na ta 2 kamar rabi ya ƙyanƙyashe, amma a makare, kuma da yawa bayansu a lanƙwashe yake.

Abin da zagayen ya ci: maza 2, mil 1.2 na magani, ƙwan mace mafi girma gaba ɗaya, da kuɗin sabuwar hita. Ta 1 kuma ba za ta sake shiri ba sai bayan makonni. Na sayi hita ta biyu da ma'aunin da ke riƙe mafi ƙarancin zafin dare.

9 ga Mayu

'Ya'yan zagayen farko sun koma garin abinci. Na fara tsame waɗanda suka fi girma, don sun fara cin ƙannensu.

12 ga Mayu

Fituwitarin mazan nan 2 da na kashe ranar 3 ga Mayu ban bar shi ya tafi a banza ba. Tun ranar na jefa su a ruwan sinadarin asiton, na canza shi bayan 'yan awanni, na sake canzawa washegari, sannan na shanya a inuwa a kan takarda. Asiton na janye ruwa da kitse. Yanzu sun bushe ƙayau, suna cikin ƙaramar kwalba mai toshi.

Raunin wannan hanya a nan yake fitowa. Babu wanda ya san yawan LH da ke cikin ɗan dunƙulen da ya niƙa. Ya danganta da balagar kifin da yanayin da yake ciki. Kuma fituwitari ba FSH da LH kaɗai yake ƙerawa ba, akwai homon ɗin girma, da furolaktin, da TSH, da ACTH mai tayar da kotizol, duk suna shiga sirinji tare. Na fi zargin na namijin nan mai siraran maraina.

16 ga Mayu

An kawo mini wata mace cikakkiya daga wani tankin, na ba ta lamba 7, na duba ƙwanta a madubi. Yau gwajin kafaɗa da kafaɗa: ta 4 Ovaprim, ta 7 busasshen fituwitari guda 2 a ruwan gishiri. Allura ƙarfe 10 na dare, baho biyu a cikin tankin ruwa ɗaya, hita biyu.

17 ga Mayu

Zafin bai sauka ƙasa da 27 ba duk dare. Ta 7 ta saki bayan kamar awa 9 da rabi. Ta 4 sai da ta haura awa 11. Wannan tazara ta yi daidai da abin da na karanta: ruwan fituwitari LH ne a shirye, yana shiga jini ya nufi ƙwai. GnRH kuwa sai ya fara zuwa fituwitari, domferidon ya kawar da dofamin, LH ya taru a jini, sannan a hau layin da ɗayar ta riga ta hau. Mataki ɗaya ya ƙaru, awanni sun ƙaru. Jadawalin da aka yi don fituwitari ba zai yi wa GnRH daidai ba, kuma wanda ya matsa a awa ta 9 jini zai tatso.

Ta 4 ta zubar da kusan duk cikinta cikin sauƙi. Ta 7 ta bar saura, kamar wani ɓangaren jakar bai saki ba. Mace ɗaya-ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, amma ya dace da zargin da na yi wa ɗaya daga cikin busassun. Namiji ɗaya ya ishi duka biyun, na tsinka maniyyin da ruwan gishiri na raba.

18 ga Mayu

Duka tire biyu sun ƙyanƙyashe da kyau. Na ta 4 ya ɗan fi.

21 ga Mayu

Namiji ɗaya ya rage mini, dole in waiwayi ɓangaren maza. Layin umarnin iri ɗaya ne, GnRH zuwa fituwitari zuwa maraina, amma babban homon ɗin namijin kifi shi ne 11-ketotestosteron, shi ke tuƙa ƙera maniyyi, DHP kuma na taimakawa wajen ƙarasa shi da ƙara masa ruwa. A kifin zinare akwai abin mamaki: DHP ɗin da mace ke ƙerawa kafin ta saki ƙwai yana fita cikin ruwa, namiji ya shaƙa, LH ɗinsa ya tashi, maniyyinsa ya ƙaru kafin lokacin. Daga baya furostagilandin ɗinta ya sa ya fara bin ta. Homon ɗin jikin ɗaya ya zama saƙo ga ɗayan. Ni kuwa na raba su tanki daban-daban tun ranar farko, kamar yadda kowa ke yi don gudun faɗa.

Namijin tarwada ba ya tatsuwa da matsi kamar na kaf, shi ya sa ake kashe shi. Wannan ne ya fi ci mini rai a duk aikin, don kowane zagaye sai an rasa kifi mai kyau da aka yi shekara ana ciyarwa.

26 ga Mayu

Na zuƙi ƙwai daga ta 3, wadda aka tatsa ranar 20 ga Afrilu. Sabon zubi ya taso, da yawa sun kusa milimita 1, amma girman bai daidaita ba. Zan ba ta wasu makonni biyu. Ta 6 ta cika, cibiya a tsakiya, ta shiga layi. Ta 5 har yanzu kitse ne, na rage mata abinci.

Shirin mataki na gaba: in gwada mil 0.4 a kowane kilo a kan ta 6, in ga ko fituwitarinta zai amsa da ƙasa da abin da aka saba. Zan riƙa zuƙo 'yan ƙwai kowane awa 2 bayan allura ta bututu, in bi tafiyar cibiyar a madubi, in fitar da jadawalin GnRH na kaina a digiri 27. Daren allura zan sa namijin a ruwa ɗaya da macen, raga a tsakani, in duba ko marainan za su fi cika. Dattijon ya yi alkawarin nuna mini yadda ake sumar da namiji, a tsaga cikin kaɗan, a yanki ɓangaren maraina a ɗinke, ya warke. Sai na nemo zaren ɗinkin tiyata, da man kanumfari na sumarwa, da ƙarin maza 3 kafin ranar.